Ruwan da Muka Zubar Bai Tafi Ba

Lacca ga jama'ar Kademi da maƙwabtansu na ƙasar Gaya da Ajingi



 Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Limamai da alarammomi, Allah ya gafarta malam. Sarkin kasuwa da sarkin fawa, shugabannin makarantu, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata da kuka baro tukunya a kan murhu, da ku matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa.

A gafarce ni, maganar yau ba irin wadda aka saba yi a gaban manya ba ce. Za mu ambaci kwatami da salga da abin da ke cikinsu. Amma duk wanda ya durƙusa a zaure ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san malamai ba su ji kunyar babin tsarki ba, don haka ni ma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Duk taron da aka yi a kan ruwa a ƙasar nan, maganar samowa ake yi: a haƙa mana burtsatse, a gyara tuƙa-tuƙa, a sa mana sola. Buƙata ce ta gaskiya. Sai dai kowace jarka da ta shiga gida, mafi yawan ruwanta zai fito ta rariya, ya fito kuwa da datti. Ku zagaya bayan kowane layi da hantsi ku gani. Ga kwatami nan jikin katanga, ruwan ya yi kore, kumfar sabulu ta taru a gefe, agwagi suna ta cusa baki, gindin katangar ya jiƙe har ya fara zaizayewa. Taku goma daga nan yara suna langa. Taku ashirin kuma rijiyar unguwa ce, ga guga a yashe a ƙasa.

A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya gano kusan dukkansu famfo ɗaya suke sha. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta dab da rijiyar famfon, yana tsiyaya a ciki. Mu ba sai mun je Ingila ba. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi da Zamfara ne a sahun gaba. Da yawanmu a nan mun yi zaman makoki a waccan daminar.

Gwamnati ta san da matsalar. A 2018 Shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a 2019 ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen ba-haya a fili zuwa 2025. Maƙwabciyarmu Jigawa, wadda muke cin kasuwa ɗaya da mutanenta, ita ce jiha ta farko da aka shaida ta kai wannan matsayi, a 2022. Abin a yaba ne. Amma gina banɗaki rabin aiki ne. Rami zai cika, ruwan wanka zai fita, kuma babu wanda zai ja mana bututu daga Kademi zuwa wata babbar matata a birni. Birnin Kano kansa, da duk girmansa, mafi yawan gidajensa da sokawe suke rayuwa, sauran kuma kogin Jakara ya kwashe. Ruwan da muka ɓata a nan, a nan za mu gyara shi, ko kuma a nan za mu sha shi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ƙazamin ruwan ƙauye ba ya zuwa da ma'auni ɗaya kullum irin na birni. Zuwansa ambaliya ne, ɗaukewarsa fari. Ranar kasuwa gari ya cika maƙil, masu tuwo-tuwo suna wanke-wanke, mahauta suna wanke kayan ciki, kowa yana neman inda zai kewaya. Washegari rumfuna ne kawai da awaki. Wanda ya taɓa zuwa karar Wudil ranar Juma'a ya koma ranar Litinin ya san abin da nake faɗa. Masallacin Juma'a haka, cikin sa'a guda a zubar da ruwan alwalar da ya fi na sauran mako. Makarantar kwana ta cika wata uku, ta watse makonni. Tsangaya tana cika da rani, ta ragu da damina. Samarinmu kuma akasin haka: su tafi ci-rani bayan kaka, su dawo da saukar ruwa. Ga Sallah, ga Mauludi, ga biki, inda gidan mutum goma yake komawa na mutum ɗari na kwana uku.

Duk wanda zai yi mana aikin tace ruwa bai lissafa wannan hawa da sauka ba, kuɗi zai binne.

Na ga haka da idona a wata makarantar kwana da ba zan ambaci sunanta ba. An kawo musu injin tace ruwa daga waje, sabo fil, da fenti mai ƙyalli. Irin wannan inji dabararsa tsohuwa ce, tun 1914 aka gano ta a Manchester, kuma tana aiki sosai a inda ta dace. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani ake kiwo a cikin tanki, su cinye dattin ruwan. Amma kiwo ne mai sharuɗɗa biyu: sai an yi ta hura musu iska da lantarki dare da rana, kuma sai abinci yana zuwa kullum. Aka yi hutu, abinci ya yanke, aka kashe janareta don tattalin mai. Da ɗalibai suka dawo, abin da ke cikin tankin ya mutu, kuma farfaɗo da shi aikin makonni ne. Ranar da na je, na tarar da ruwan yana shiga baƙi yana fita baƙi, ya yi hanya ta bayan ɗakin kwanan yara, wani ɗan aji ɗaya ya naɗe wando yana tsallakewa da kwanon abincinsa a hannu. Har yau idan na tuna yaron nan sai raina ya ɓaci, domin da rabin kuɗin injin da an yi musu abin da zai kai ƙannensa.

Abin da ya dace da mu shi ne wanda hutu ba ya kashe shi. Alhamdu lillahi, akwai dabarun da hutun ma shi ne maganinsu, kamar yadda gona take farfaɗowa in an bar ta ta huta.

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo: a raba ruwa biyu. Ruwan wanka da wanki da alwala daban, na salga daban. Na farkon shi ne mai yawa, amma cutarsa kaɗan ce. Na biyun kaɗan ne, amma a nan kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki suke. In ka gauraya su, ka mai da duka ya zama mai haɗari, kuma ka cika raminka da wuri.

Mu fara da salga. Maimakon rami ɗaya mai zurfi, a haƙa biyu marasa zurfi kusa da juna. A yi amfani da ɗaya. In ya cika a rufe shi da ƙasa, a juya zuwa ɗayan. Wanda aka rufe a bar shi shekara biyu cur. A Indiya wani bawan Allah, Bindeshwar Pathak, ya kafa ƙungiyar Sulabh a 1970, ta yaɗa wannan tsari a gidaje masu ɗimbin yawa. Me ya sa shekara biyu? Saboda ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, ya fi sauran cututtukan daɗewa, sai lokaci da bushewa sun gama da shi. Na taɓa tsayawa aka buɗe irin wannan rami. Mutane sun ja da baya sun toshe hanci tun kafin a ɗaga murfi. Da magini ya sa shebur ya ɗebo, sai ga baƙar ƙasa mai laushi, busasshiya, tana warwatsewa kamar tsohon takin turke, babu wari ko kaɗan. Wani dattijo manomi ya matso ya duba, ya ce a kai masa gindin mangwaronsa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano: kakanninmu sun daɗe suna lodin takin birni a mangala, jakuna su kai gona. Hukuncin abin da ya rikiɗe ya koma ƙasa kuwa, wannan fagen malamanmu ne, ina roƙon su yi wa jama'a bayani a kai.

Wari da ƙuda ma da maganinsu. A Zimbabuwe, cikin shekarun 1970, Peter Morgan ya fito da dabarar sa wa rami dogon bututu da ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure masa raga a baki. Iska ta ja warin ta yi sama da shi, ƙudan da ke ciki ya bi haske ya hau bututun, raga ta tare shi ya mutu a nan. Morgan ɗin ne kuma ya koyar da ramin da bai wuce mita ɗaya ba, wanda in ya kusa cika sai a rufe da ƙasa a dasa bishiya a kai, a matsar da zanar gaba. Wannan ya dace da rugar Fulani, da bukkokin masu aikin kaka, da duk inda mutane suke zaman wata biyu su tashi.

Ku riƙe ma'auni biyu, don Allah. Tsakanin salga da rijiya ko burtsatse kada ya gaza mita 30, kusan taku arba'in na babban mutum. Sannan gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Kuma ba ruwan watan bazara za a auna ba, lokacin da guga yake shan wahala kafin ya taɓo ruwa. Na watan Agusta za a auna, sa'ad da rijiyoyi suka ciko. A inda ƙasa take rairayi a ɗaure ramin da bulo, a ɗaga bakinsa sama da ƙasa. Kowace damina sai mun ji labarin salgar da ta rufta da mutum, kuma yawanci mace ce ko yaro.

Sai ruwan wanka da wanki da alwala, wanda a nan nake so mu ɗan daɗe. A ɗauki makarantar kwana mai ɗalibai 500, a ce kowane yaro yana ɓata lita 30 a rana. Lita 15,000 ke nan, jarka 600 ta 'yan ga-ruwa, kowace rana. A ƙasar da ruwan sama yake ɗaukewa wata bakwai ko takwas, zubar da wannan a kwararo asara ce kafin ma ta zama cuta.

Yadda ake yi shi ne, ruwan ya fara shiga ƙaramin tanki mai ɗaki biyu, inda yashi da tsakin abinci za su kwanta, maiƙo ya taso sama a riƙa kwashewa. Daga nan ya gangara wani fili da aka haƙa kamar santimita 60, aka daɓe ƙasansa da yumɓu ko aka shimfiɗa leda mai kauri, aka cika da tsakuwa, aka shuka ciyawa a kai. Ruwan yana bi ta ƙarƙashin tsakuwar a hankali, kwana biyu ko uku. A jikin tsakuwar da saiwoyin ciyawar akwai irin ƙwayoyin halittar nan da na ambata ɗazu, su ne masu aikin, ba su neman lantarki ba su neman dizal. Wata Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan cikin shekarun 1950. A Faransa yau ƙananan garuruwa dubbai da irinsa suke tace ruwansu, har da wuraren hutu da suke cika wata biyu su koma kufai. Sirrin nasu shi ne ba sa yin fage ɗaya. Uku suke yi: wannan ya sha ruwa kwana uku da rabi, ya huta mako guda, a juya wa na gaba. Hutun ne yake hana tsakuwar toshewa. A ƙasa mai zafi irin tamu aikin ya fi sauri, murabba'in mita ɗaya zuwa biyu ya ishi mutum guda. Makarantar da muka yi misali da ita, fili mai mita 30 tsawo da 30 faɗi zai ɗauke ta.

Sharaɗi babba: kada ruwa ya bayyana a sama. Ya tsaya kamar tafin hannu guda ƙasa da saman tsakuwa. In ya kwanta a fili, kududdufi muka ƙara wa gari, muka buɗe wa sauro gida.

Wace ciyawa? Turawa da ciyayin fadama irin su kacala suke yi. Amma mu mun san abin da kacala ta yi wa mutanen Haɗeja da Nguru, yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogi. Ni ban ba da shawarar a kawo ta nan ba. Muna da jema. Tana jure ruwa, tana jure fari, saiwarta tana da yawa, in an yanka kuma ga kayan zana da jinka. Allah kuma Ya yi mana sauƙi guda: dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, sama za ta shayar da ciyawar. Hutun bazara ne abin tsoro, shi kuma gajere ne. A juya ruwan alwalar masallacin makarantar ko na gidajen malamai zuwa fagen, ya wadatar.

Kasuwa lissafinta daban. Kada a gina mata fage daidai da cunkoson ranar kasuwa, zai yi girma ya yi tsada, ya kwana shida da ƙishirwa. A yi mata abin da manomi yake yi da hatsi. Girbi sau ɗaya ne, amma rumbu yana ciyar da gida shekara. A gina tankin da zai haɗiye ruwan ranar kasuwa duka, a sa masa ƙaramar mafita da za ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har kasuwa ta zagayo. Da haka ƙaramin fage zai yi aikin babba.

Sarkin fawa, Allah ya taimake ka, naka ya fi na kowa nauyi. Jini da abin cikin tumbi sun fi ruwan gida ƙarfi nesa ba kusa ba, in suka shiga fagen za su shaƙe shi cikin mako. A tare jini a mazubi, a tara na tumbi a gefe ya zama taki, ruwan wankin kaɗai ya wuce. Wasu za su kawo muku maganar tankin da ke fitar da gas na girki. Yana da kyau, amma shi ma kiwo ne mai son ci kullum. In babu kashin shanun da za a riƙa zuba masa kowace safiya, yankan mako-mako ba zai riƙe shi ba.

Ruwan da ya fito daga fagen ya yi haske, amma ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne. A ba wa darbejiya da zogale da mangwaro da ciyawar dabbobi. Kada a ba latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye. Masu lambu a bakin Jakara sun daɗe suna ban-ruwa da ruwan kwatar birni, talauci ne ya sa, kuma ba abin koyi ba ne.

Wa zai gina? Ku. Ƙasar Gaya ƙasar masu sana'ar hannu ce tun asali. Tarihin baka ya ce daga nan maƙera suka tashi suka sauka gindin Dala neman tama, har birnin ya ɗauki sunan ɗayansu. Babu abin da na lissafa da ya wuce bulo, siminti, tsakuwa, bututu da magini mai hankali. Abin da za mu nema daga waje shi ne awo da gwaji. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Ɗangote tana nan Wudil, ɗalibanta suna neman inda za su yi aikin bincike. Hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, RUWASA, da sashen lafiya na ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi aikinsu ne su auna mana gangaren ƙasa da zurfin ruwa, su gwada rijiyoyinmu kafin damina da bayanta. Mu je mu nema, da takarda, da sa hannun iyayen ƙasa.

Amma abin da ya fi kashe irin wannan aiki a ƙasarmu ba gini ba ne, rashin mai kula ne. Dole a sami mutum guda, sananne, mai albashi ko da kaɗan ne, wanda zai kwashe maiƙo, ya juya ruwa daga wannan fage zuwa wancan, ya yanke jema, ya zura sanda a tanki ya ga ko laka ta kai rabi a kira masu yashewa. Kuɗin da ake karɓa a gidan wanka da ba-haya na kasuwa, a ware kaso a ajiye don wannan kaɗai, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Dattawan da ke nan sun tuna zamanin duba-gari, lokacin da mace take share tsakar gida ta wanke randa don ta ji an ce yana tafe. Ba tsoron nake so ya dawo ba, kulawar nake so. Kuma duk kwamitin da za a kafa a sa mata a ciki. Su ne suke ɗebo ruwan, su suke zubar da shi, su suke kwana a asibiti da yaro in ya kamu.

Malamai, kun fi ni sanin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi hani mai tsanani ga yin ba-haya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane suke zama, kuma da mudu guda na ruwa yake alwala. Huɗuba ɗaya a kan wannan ta fi laccata goma isa kunnen jama'a.

Roƙona gare ku, iyayena da 'yan'uwana, kada mu jira mai kwangila. Kafin ruwan bana ya sauka, kowane mai unguwa ya ɗauki matasa biyu ya taka tsakanin kowace rijiya da salgar da ta fi kusa da ita, a rubuta wadda ba ta kai taku arba'in ba. Sannan a zaɓi wuri ɗaya, ni a ganina wurin alwalar masallacin Juma'a, a yi masa ƙaramin fagen tsakuwa da jema, a dasa bishiya biyar a ƙarshensa, kowa ya gani da idonsa. In kun sa rana, ku aiko mini, zan zo da igiyar awo mu haƙa tare.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.